Sabuwa da Goyon 'Yar Shekara Tamanin

Sabuwa dai ba da ƙafarta ta shiga ƙasar Makka ba, a baya aka kai ta. Tana 'yar shekara biyu uwarta ta fito da ita daga wani ƙauye na gabas, cikin ayarin masu zuwa hajji a ƙasa, irin tafiyar nan ta mutanen da, wadda mutum kan bar gida da baƙin gashi ya hau Arfa da furfura. Uwar ba ta kai ba. Zazzaɓi ya kayar da ita a wani gari na Sudan, aka rufe ta, ayari ya ɗaga. Matan ayarin ne suka raba yarinyar a tsakaninsu kamar aikin gayya: wannan ta goya daga asuba zuwa hantsi, waccan ta karɓa ta kai azahar, har aka tsallake Bahar Maliya aka sauka Jidda. Shi ya sa duk wanda ya tambayi Sabuwa sunan uwarta, sai ta ce iyayenta mata sun fi goma, kuma babu wadda ta san fuskarta, ƙeyarsu kawai ta sani.

A Makka ta girma, cikin Takari, wato mutanenmu da suka je sauke farali suka manta hanyar gida. Ta yi wankau, ta soya gyaɗa, ta yi raino a gidajen Larabawa. Aure kuwa uku ta yi. Na fari ya rasu, Allah ya ji ƙansa, shi ne mai dama-dama. Na biyu bakinta ya kore shi. Na uku ya fita sayo gawayi, har yau ana jiran gawayin. Allah bai ba ta haihuwa ba, amma bayanta bai taɓa hutawa ba. Duk ɗan Balaraben da ya ƙi barci, in ta ɗora shi ta ja zani ta ɗaure da majanyi, kafin ta kai bakin ƙofa ya yi laƙwas. Iyayen su yi ta dariya wai ta ɗaure musu yaro kamar buhun shinkafa, gobe kuma su aiko a kira ta.

Abu ɗaya ne ba ta da shi: takarda. Shekara arba'in da 'yan kai tana shan ruwan ƙasar, amma a wurin hukuma ba ta iso ba tukuna. In ta hango ɗan sanda sai ta canja lungu. Duk wanda aka kama ba shi da iƙama, wato takardar zama, jirgi ake sa shi a mayar da shi ƙasarsu. Ita kuwa ƙasarsu ko a mafarki ba ta san kalarta ba.

Ana nan fetur ya yi daraja, arziki ya sauko wa ƙasar kamar ruwan marka. Birnin Riyad, wanda a da ko raƙumi sai ya yi shawara kafin ya nufe shi, ya koma ko'ina rodi, ko'ina siminti, ka kwana kusa da fili ka tashi kusa da bene. Kamfanoni suka tsiro kamar ciyawar damina, kowanne da kwangila a hammata. Akwai wani a cikinsu, ba sai an kama suna ba, wanda aikinsa zuba kwalta da buga bulo. Shi aka ba kwangilar riƙon gidan tsofaffi marasa dangi. Masu rabon sun yi hikima: wanda ya iya lallaɓa titi ai ya iya lallaɓa tsohuwa.

Kamfani ya gina gida, ya sa tayil, ya sa kwandishan, sai ya rasa wanda zai wanke kashin tsofaffin. A nan aka tuna da matan Takari. Aka aika Makka cewa duk wadda ta zo, kamfani zai zama kafilinta, ya tsaya mata, ya yi mata iƙama. A shekarar 1975 Sabuwa ta hau mota zuwa Riyad. Ranar da aka miƙa mata ɗan littafin nan mai hotonta, ko harafi ɗaya ba ta iya karantawa a ciki, amma ta ɗinka masa jakar fata ta rataya a wuya kamar laya. Ta je kasuwa ta gitta ta gaban ɗan sanda har sau uku don dai ya tambaya. Bai tambaya ba, abin ya ɓata mata rai ƙwarai.

Gidan yana can kudu da gari, wajen da yanzu ake kira Shifa, lokacin fili ne fetal sai duwatsu. A jikin katangarsa kamfani ya kafa injin fasa dutse, tunda filin nasa ne kuma bai ga dalilin barinsa ya zauna a banza ba. Sashen mata tsofaffi ashirin ne. A zaure, bisa wani ɗan tebur mai mayafi, akwai baƙin tarho, irin mai faifan nan da ake juyawa da yatsa. A jikin faifan an maƙala ɗan kwaɗo, bai fi na akwatin amarya ba. Makullinsa na aljihun mudir, shugaban gidan, wanda ma'aikata suka raɗa wa Uban Makulli.

Kada a ɗauki alhakinsa, mudir ba dodon tatsuniya ba ne. Mutum ne mai ƙamshi, mai kwat ko ana narkewa, yana gai da kowace tsohuwa da "ya ummi", wato uwata, ranar sallah ya raba alewa da zarar mai ɗaukar hoto ya iso. Abin da ya fi tsoro a duniya shi ne jiniyar is'af, motar asibiti. A shekarar farko wata ma'aikaciya ta kira ta saboda wani tsoho da ya faɗi. Asibiti ya rubuta, masu bincike suka zo, suka tambayi ina nas ɗin da takardar kwangila ta ce tana kwana tana tashi a gidan. Nas ɗin kuwa a cikin takardar kawai take kwana. Da ƙyar aka binne maganar. Tun daga ranar kwaɗo ya hau tarho, dokoki uku suka fito: in tsoho ya faɗi kada a taɓa shi, kada a kira kowa, kada a fitar da shi ƙofa. A sanar da mudir, shi zai kira likitan kamfani. Wanda ya karya kuwa, ya yi sallama da iƙamarsa.

Likitan nan shi kaɗai ke duba leburori dubu biyu daga unguwar Ulaya har garin Dir'iyya. Mudir kuma da an idar da azahar yake shiga motarsa ya tafi cin abinci da ƙailula, wato barcin rana, sai la'asar, makulli na aljihu. Wato duk tsohuwar da ke da niyyar faɗuwa, ta daure ta faɗi da hantsi.

Sabuwa ta bi dokar sau ɗaya. Wata Balarabiya ce, Ummu Jibrin, wadda Jibrin ɗin nata ya riga ta gidan gaskiya da shekara talatin. Ta fito daga alwala bayan tafiyar mudir, ta dafe ƙirji ta zube a bakin ƙofa. Sabuwa na tsaye a kanta, hannu ɗaya a kan jakar wuyanta. Ta yi mata fifita da gefen mayafi, tana ta cewa yanzu mudir zai dawo. Tsohuwar kallon ta kawai take yi. Kafin kiran la'asar ta cika. Mudir ya dawo, ya yi salati, ya ce ajali ne, sannan ya yaba wa Sabuwa a gaban ma'aikata cewa ga mace mai bin tsari. Har kwalbar turare ya ba ta. Ita ta yi wa gawar wanka, ta juye turaren kaf a likkafani, ta jefa kwalbar a shara. Zagi bai taɓa hana Sabuwa cin abinci ba, amma yabon nan kwana uku ya hana ta.

Bayan wannan aka kawo Hajjo. Bafulatana ce 'yar shekara tamanin ko fiye, ita ma ƙafa ta kawo ta tun zamanin da, ta binne miji da 'ya'ya uku a Madina, aka kwaso ta aka kawo nan. 'Yar firit, in ta kwanta sai an ɗaga bargo kafin a san da mutum. Duk ƙarfinta ya tattare a harshe. Ranar farko ta kafa wa Sabuwa ido, ta sa ta sunkuyo, ta bi tsagar da ke kumatunta da yatsa, sannan ta sanar da ita abin da ba wanda ya taɓa gaya mata: wannan zanen Barebari ne. Tunda kuwa haka ne, ai baiwarta ce tun kaka da kakanni. Sabuwa, wadda ba ta san tana da dangi ba balle abokan wasa, ta ce to ta ji, amma a tuna wa Fillo cewa nan babu saniya, mai wanke mata gindi shi ne ubangidanta. Daga nan suka ƙulle. Kullum da safe Hajjo ta tambaya ko baiwa ta kwana lafiya, Sabuwa ta tambaya ko 'yar daji ta koyi shiga masai.

Hajjo na da fuka. In injin dutse ya tashi iska ta juyo, ƙirjinta ya dinga busa kamar sarewa. Sau uku Sabuwa na gaya wa mudir, yana cewa likita zai zo ranar Talata. Talatar ta zo sau biyar, ita kaɗai.

Wata Asabar cikin bazarar 1977, kwandishan ya mutu tun safe, dole aka buɗe tagogi, farin garin dutse ya shigo ya kwanta har cikin tire. Mudir ya idar da azahar ya shiga mota. Bai kai titi ba Hajjo ta fara. Sabuwa ta same ta zaune a bakin gado ta dafa gwiwa, kafaɗu na hawa da sauka, jijiyoyin wuya sun miƙe, leɓe ya koma kalar toka. Ta ce mata ga baiwa ta zo, me uwargijiya ke so? Hajjo ta buɗe baki, zagi bai fito ba. A nan Sabuwa ta san abin ya kai.

Ta je zaure ta tsaya a kan tarho. Kwaɗon nan dukan taɓarya ɗaya ya ishe shi. Amma ita ba ta san lamba ba, kuma ko motar ta zo, mai gadi ba zai buɗe mata ƙofa ba sai da izinin mudir. Ta wuce kicin wurin Hansai mai dafa abinci, wadda ke zuwa aiki da jaririyarta a baya, kullum kuma ta tashi bayan ta raba abincin rana. Ta tarar ta kwantar da 'yar a tabarma tana wanke tukwane. Sabuwa ta ce ta ara mata majanyi.

Hansai ta dube ta, ta dubi hanyar ɗakin Hajjo, ta gane. Ta shiga yi mata magiya ƙasa-ƙasa. Ta ce ta tuna shekarun da ta yi tana canja lungu. Ta tuna ba ta da kowa a can inda za a jefa ta. Tsohuwar nan ta ci zamaninta tana cin na wasu, in ajali ne ko a gaban likita zai same ta. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne.

"Yaya Sabuwa, iƙamarki fa."

"Ina riƙe da ita na tsaya a kan Ummu Jibrin. Ba ta yi mata numfashi ba. Ba ni majanyin."

Hansai ta juya baya ta ci gaba da wanke-wanke. Ta ce ita dai ba ta ba kowa komai ba, amma majanyin na kan ƙusa, abayarta ma na kan ƙusar.

Goyo sana'a ce, kuma Sabuwa ta ƙware. Ta durƙusa a gaban gado ta ba da baya, ta jawo hannuwan Hajjo bisa kafaɗunta, ta raba ƙafafun a kwankwaso, ta miƙe a sunkuye. Ta ja zani, ta ɗaure sama sako-sako don kada ya matse ƙirji, ta ɗaure ƙasa tamau, ta kawo majanyi ta tallafe gindi. Tsohuwar ba ta kai nauyin wasu 'ya'yan Larabawa masu shan madarar gwangwani ba. Ƙafafun ne suka so tona asiri, sun leƙo kamar ƙirare, ta cusa su cikin zanin. Ta yafa abayar Hansai a kansu su biyu, ta bar kafa wajen kafaɗa don iska.

Mai gadi Bayamane ne, dattijo mai tsoron Allah, wanda bai taɓa ɗaga ido ya kalli mace ba. A wurinsa matan Takari iri biyu ne: in da tudu a baya Hansai ce, in babu wata ce. Ya ga baƙar abaya da tudu a daidai lokacin da aka saba, ya sauke ido ya zare sakata. Daidai nan ƙirjin Hajjo ya yi wata irin busa. Dattijo ya girgiza kai cikin tausayi, ya ce yarinyar nan mura ta kama ta, a ba ta ruwan ɗumi, Allah ya raya ta.

"Amin," in ji Sabuwa, ta fice.

Daga ƙofa zuwa babban titi da ɗan nisa, kuma ranar Riyad a irin wannan lokaci ba ta san uban kowa ba. Sabuwa na tafe tana buga gindin goyon a hankali kamar yadda hannu ya saba, tana yi wa Hajjo gargaɗi kada ta kuskura ta mutu a bayan Babarbariya, Fulani ba za su sake ɗaga kai ba har tashin ƙiyama. Yatsun tsohuwar suka ɗan matsa kafaɗarta, alamar ta ji, kuma za ta rama.

A titi motoci na wucewa, sababbi fil, ba wanda ya rage gudu. Wa zai tsaya wa 'yar Takari da goyo? Da ta hango wata wayit, tankar ruwa, sai ta shiga tsakiyar kwalta ta tsaya cak. Direba ya taka burki, ya leƙo yana zazzaga zagi da Larabcin da ko kurma ya ji ya san na Sakkwato ne. Sabuwa ta amsa masa da Hausa cewa in ya gama ya buɗe ƙofa. Sunansa Basiru, magidanci ne, shekararsa biyu da zuwa. Ta yaye abayar, ya ga furfura a inda ya zaci zai ga jariri, ya yi salati. Ya tambayi daga inda aka fito da ita, ta gaya masa. Ya ce shi ma fa kafili gare shi, ruwan nan ana jiransa a wurin gini, kuma ɗaukar matan da ba muharramansa ba a gaban mota wata fitinar ce.

"Ƙanena, uwarka na da rai?"

"Tana Gwadabawa."

"To Allah ya sa ranar da ta faɗi, mai motar da zai wuce ba shi da kafili. Tafi, siminti na jin ƙishirwa."

Basiru ya dubi titi gaba da baya, ya miƙa hannu ya buɗe ƙofar. Daga nan har asibiti hon ne ya yi masa magana. Sabuwa ta zauna a bakin kujera a karkace, goyon bai sauka ba, don tana jin in ta kwance shi tsohuwar za ta zube.

A babban asibiti ta shiga da goyonta har gaban likita. Aka kwance, aka rufa wa Hajjo abin shaƙar iska a fuska, aka yi mata allura. Likitan, wani matashi mai tabarau, ya tambayi wa ya kawo ta, a cikin me, daga ina, me ya hana a kira is'af. Sabuwa ta gaya masa duka har da kwaɗon, da Larabcinta na Makka wanda ya fi nasa zaƙi. Ya rubuta. Ya ce da an ƙara rabin sa'a da sai dai wanka. Wajen la'asar toka ta bar leɓen Hajjo. Ta janye abin fuskar da yatsa ɗaya, ta ce baiwar nan ba ta iya goyo ba, duk ta ƙuje mata cinya.

Lahadi ta wuce mudir bai nemi Sabuwa ba. Ranar Litinin ya kira ta ofis, ya sa aka kawo mata shayi, abin da bai taɓa faruwa ba. A kan tebur ga takarda, ga ɗan akwatin tawada na dangwala yatsa. Ya fara da tambayar wa ya taimaka mata. Ta ce direba ba ta tambayi sunansa ba, majanyi da abaya kuwa satar su ta yi. Sai ya shiga bayani a hankali kamar mai lallashin yaro. Rubutun likita ya isa inda bai kamata ba, masu bincike na zuwa ranar Laraba. Takardar nan ba ta ce komai ba illa an sanar da mudir a kan lokaci, motar kamfani ce ta kai maras lafiya, Sabuwa rakiya ta yi, likita ne bai fahimci maganarta ba. In ta dangwala an yafe mata, iƙamarta na nan daram. In ta ƙi, ita ce ta sace tsohuwa daga gidan amana, kamfani ya zare hannunsa daga kanta, sai tarhil, wato kora zuwa ƙasarsu. Ya ce ta duba, in aka ƙwace kwangilar nan tsofaffin ina za su, Hansai da jaririyarta ina za su. Yana faɗa har idonsa ya kawo ruwa, domin shi ma akwai mai riƙe da nasa makullin.

Sabuwa ta shanye shayin tas, tunda an riga an zuba. Ta tambaya, in ta dangwala kwaɗon zai sauka daga tarho? Mudir ya ce wannan tsarin kamfani ne, ba a hannunsa yake ba. Ta ce gaskiya ne, a aljihunsa yake. Ta ɗaga babban yatsanta ta dube shi, ta dubi tawadar. Ta tuna lungunan Makka. Ta tuna kabarin mijinta na fari, da Ka'aba wadda ta saba gani kamar ƙofar maƙwabta. Sai kuma ta tuna kallon Ummu Jibrin.

"Ya mudir, ni a baya aka kawo ni ƙasar nan. Mata fiye da goma suka goya ni daga Sudan har Jidda, ba wadda ta tsaya neman izini. Da sun jira la'asar, da yau ba ka da mai wanke maka tsofaffi. Rubuta cewa baya ne ya kai ta, da motar ruwa. Wannan zan dangwala maka, da yatsa goma in kana so."

Ya tambaye ta ko ta san abin da take yi. Ta ce ta sani, wancan karon ne ba ta sani ba. Ta ciro jakar daga wuyanta da kanta, don kada gobe ya ce ƙwata ya yi, ta ajiye kusa da tawadar. Ta ce ya sa ta a aljihu ɗaya da makulli, su riƙa ɗebe wa juna kewa.

Da yamma ta je asibiti sallama. Hajjo ba ta yi godiya ba, godiya ba ta cikin kayan da ta taho da su daga gida. Ta tambaya wa ya 'yanta baiwa ba tare da shawarar mai ita ba. Sabuwa ta ce mata ta je ta nemi wata, bayi ba sa ƙarewa. Sai tsohuwar ta kama wuyan hannunta, ta jawo ta, ta sake bin tsagar nan da yatsa kamar ranar farko.

"In kin sauka, ki yi gabas. Ki yi ta tafiya har ki ga masu irin fuskar nan. Ki ce musu uwargijiyarsu na gaisuwa."

Kamfanin da Talata biyar ba ta ishe shi kawo likita ba, yini ɗaya ya ishe shi gama takardun kora. Ranar Talata aka zo aka tafi da Sabuwa. Ranar Laraba masu bincike suka iso, ba takarda mai yatsa, rubutun likita ya tsaya da ƙafarsa. Abin da ya rage Hajjo ta ƙarasa musu daga gadon asibiti, har da wanda ba su tambaya ba.

Sabuwa ta yi makonni a gidan jiran kora kafin a sa ta a jirgi. Wadda aka kawo a baya, aka mayar a sama. Da jirgin ya ɗaga ta ga ruwan bahar a ƙasa, ta ja mayafi ta rufe fuska, kuma abin da ya faru a cikin mayafin ba ruwan kowa. Ta sauka Kano, ba ta san ko kare ba. Ta tambayi ina ne gabas, aka nuna mata tashar jirgin ƙasa. A Nguru ta sauka, ta shiga kasuwa, ta ga fuskarta a jikin mata ɗari. Ba wanda ya san uwarta, ba wanda ya san ƙauyensu, amma wata mai sayar da turaren wuta ta dubi kumatunta ta ce akwai ɗaki a gidansu. Ta isar musu da gaisuwar Hajjo kalma da kalma, kasuwa ta ɗauki dariya, aka ce Allah ya shirya Fillo.

Labari ya riƙa zuwa mata ta bakin alhazai, daga Hansai. Kwaɗo bai sake hawa tarho ba. An kawo nas ta gaske, mai jini da tsoka, mai tsawa ma. An gaya wa mai gadi cewa in is'af ta zo ya buɗe, kuma an ce tun daga ranar, duk goyon da zai fita sai ya roƙi a nuna masa ƙafa. Injin dutse na nan inda yake. Kamfani bai rasa kwangila ba, kamfani ai ba ya maraici. Uban Makulli an ɗaga shi zuwa babban ofis a Ulaya, inda makullai suka fi yawa. Hajjo ta ƙara shekara biyu da 'yan watanni tana zagin jama'a, ta rasu da hantsi, a gadonta, nas na riƙe da hannunta.

Sabuwa ba ta sake ganin Makka ba. A Nguru ta tsufa, tana haɗa turare, tana goyon 'ya'yan unguwa da majanyin nan na Hansai har ya zama tsumma. Duk jami'in da ya zo mata da takarda da tawada, ko na ƙidaya ne ko na zaɓe, sai ya karanta mata sau biyu kafin ya ga yatsanta. Matan gida kan zauna su ce, Hajiya, kin bar ƙasa mai tsarki saboda tsohuwar da ba ku haɗa ko kaka ba, wadda ko sannu ba ta ce miki ba. Ba kya da-na-sani kuwa?

Sai ta gyara goyon da ke bayanta ta ce, "Ina yi mana, kullum. Na Ummu Jibrin."